Jaririn da aka haifa a ƙetare: dokar Indiya daban, tamu daban

Duk wanda ya je aiki ko karatu Ingila, Amurka, Kanada ko Dubai, da wuya ya rasa maƙwabci ko abokin aiki ɗan Indiya. Sun riga mu zuwa, sun fi mu sanin kan takardu, shi ya sa idan matar ɗayanmu ta kusa sauka su ake fara tambaya. Da zuciya ɗaya suke ba da shawara, amma a kan dokar ƙasarsu suke magana, ita kuwa ta sha bamban da ta Najeriya. Ya kamata sabon zuwa ya san inda bambancin yake, balle wanda ya auri 'yar Indiya ko wadda ta auri ɗan can, domin shi abin a ɗakinsa yake.

Indiya ba ta yarda mutum ya zama ɗan ƙasa biyu ba. Yaron da aka haifa a waje yana iya gadon ƙasar ta wajen uwa ko uba, amma tun daga 3 ga Disamba 2004 dokar zama ɗan ƙasa ta 1955 ta gindaya sharaɗi: sai an yi rajistar haihuwar a ofishin jakadancin Indiya cikin shekara guda, kuma iyaye su sa hannu cewa yaron ba ya riƙe da fasfon wata ƙasa. Idan shekarar ta wuce, sai an nemi izini na musamman daga gwamnatin tarayyarsu. Idan kuma yaron yana da wata ƙasar ta dalilin inda aka haife shi, to da ya cika shekara 18 yana da wata shida ya saki waccan, in ba haka ba ta Indiya ta kuɓuce masa. Wannan ne ya sa za ku ga maƙwabcinku yana ta kai da kawo tun jariri bai yi arba'in ba.

Abin ya fi tsanani ga waɗanda suka haihu a Amurka. Gyaran tsarin mulki na 14, na shekarar 1868, shi ya mai da wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa (an taɓo wannan da umarnin shugaban ƙasa a Janairun 2025, magana ta tafi kotu, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a ɗora lissafi a kai). Dokar Amurka ta ce ɗan ƙasarta da fasfonta zai fita, da shi zai shigo. Ke nan ko iyaye suna son na Indiya, tafiyar farko zuwa ganin kakanni za ta tilasta musu karɓar na Amurka. Mafi yawansu nan suke sallamawa, su nema wa yaron katin OCI, wanda Indiya ke ba 'yan asalinta da suka zama 'yan wata ƙasa.

Katin nan, wanda aka fara bayarwa a 2006, biza ce ta har abada. Mai shi zai shiga Indiya ya fita yadda ya so, ya zauna, ya yi aiki, ya sayi gida. Sai dai ba zai yi zaɓe ba, ba zai riƙe muƙamin gwamnati ba, ba zai sayi gona ba. Kuma ba a ba wanda iyayensa ko kakanninsa suka taɓa zama 'yan Pakistan ko Bangladesh. Ni ina ganin iyayen da ke cewa katin daidai yake da zama ɗan ƙasa suna kwantar wa kansu da hankali ne kawai. Ga iyalin da ke son ɗansu ya sayi gona a ƙauye, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A Ingila labarin ya juya. Tun 1 ga Janairu 1983 haihuwa kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan Birtaniya, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Ma'aikaciyar jinyar da ke kan bizar aiki, 'yar jihar Kerala ta Indiya ce ko 'yar Kaduna, fasfon gida za ta karɓa wa ɗanta sannan ta nema masa biza. Daga baya, idan ta samu izinin dindindin, ko yaron ya yi shekara goman farko a ƙasar, ana iya yi masa rajista. A ranar ne 'yar Kerala za ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya, 'yar Kaduna kuwa ta riƙe duka biyun. Saudiyya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa ba ɗan baƙo ƙasa don an haife shi a can, don haka fasfon gida da takardar zama su ne abin gaggawa, jinkiri kuma tara yake jawowa.

To mu fa? Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa, sashe na 28 kuma ya bar shi ya riƙe wata ƙasar. Kada wani ya tsorata ku cewa karɓar fasfon Kanada zai raba ɗanku da Najeriya. Nijar da Gana su ma sun yarda da ƙasa biyu. 'Yan'uwanmu na Kamaru ne lamarinsu ya yi kama da na Indiya, domin dokarsu ta 1968 ba ta yarda baligi ya haɗa biyu ba. Wanda ya auri 'yar Indiya kuwa ya sani, ranar da aka buga wa yaro koren fasfo, sharaɗin rajistar Indiya ya karye, saura katin OCI. Ku zauna ku yanke shawarar nan da maiɗakinku tun da sauran ciki, kada a bari sai dangin ɓangarorin biyu sun fara bugo waya.

Akwai wani abu ƙarami da ke wahalar da mutanenmu fiye da duk dokokin nan, wato suna. Mu sai rana ta bakwai ake raɗa suna, a Amurka kuwa galibi tun a gadon asibiti ake miƙo takardar cikewa. A Ingila an ba da kwana 42, a Sikotlan 21. Ku tsai da sunan da rubutunsa tun da wuri, ko da ba za a faɗa wa jama'a ba sai ranar yanka rago. Idan Muhammad aka rubuta a takardar haihuwa, kada ya koma Mohammed a lambar NIN, wadda sai da ita ake samun fasfon Najeriya. Sunan uba ya zo harafi da harafi yadda yake a fasfonsa. Ku karɓi cikakkiyar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen iyaye, kofi biyu ko uku, domin ofisoshin jakadanci kan ƙi gajerar. Hoton fasfo kuma, a shimfiɗa farin zanen gado, a kwantar da jariri a kai bayan ya sha nono ya ƙoshi, a ɗauka daga sama ba tare da hannun uwa ya fito a ciki ba.