Kurakuran da ke cinye gudun masu horon ninkaya a rukuni

Wanda ya koyi iyo a rafi ko kududdufi, da ya shiga tafkin horo za ka gane shi: kai a sama, haɓa a kan ruwa, yana wurga wuya dama da hagu. Wannan ne kuskuren da ya fi ba koci wahala, domin shi ke haifar da sauran. Jiki a ruwa kamar sikeli yake, kai na ɗagawa ƙugu da ƙafafu za su nutse. Ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ƙafar da ta nutse birki ce kake ja. Gyaran shi ne ka kafa ido a kan baƙin layin da ke ƙasan tafki, ruwa ya tsaya maka a tsakiyar kai. In za ka shaƙi iska, mirgina jiki kaɗan, ido ɗaya na tabarau ya zauna cikin ruwa. Yi mita 25 sau 6 a kwance ta gefe, hannun ƙasa a miƙe gaba, bugun ƙafa shida sannan ka sauya gefe.

Hakin da ke kama sabon shiga tun bai kai bango ba, yawanci ba rashin ƙarfi ba ne. Riƙe numfashi yake yi, sai ya juyo yana son ya fitar ya kuma shaƙa a lokaci guda. Fitarwa cikin ruwa ake yi, ta hanci da baki, a hankali, kumfa na fita ba yankewa. Gasar wa ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa kuma, wadda samari ke so bayan an tashi, a bar ta. Mutum na iya suma ba tare da wata alama ba.

Bugun ƙafa daga ƙugu yake tasowa, idon sawu a sake. Mai lanƙwasa gwiwa kamar yana tuƙa keke, wahala kawai yake sha.

A hannu, abu biyu ne. Na farko, hannu ya shiga ruwa ya ƙetare tsakiyar kai, jiki ya riƙa karkacewa kamar maciji, kafaɗa kuma ta fara ciwo. A sa shi daidai saitin kafaɗa, yatsu su fara shiga. Na biyu, gwiwar hannu ta faɗi, tafin hannu ya shafi ruwa maimakon ya tura shi baya. Ƙirga jan hannu a kowane mita 25. In ka fara da 22, a zagaye na shida ka koma 29, salo ya rushe, rage gudu.

Sai abin da rukuni kansa ke jawowa, wanda a ganinmu ya fi duka ɓata horo. Ana raba masu iyo a layukan tafki gwargwadon saurinsu, sai mutum ya shiga layin da ya fi ƙarfinsa don kada a raina shi, ya ƙare awa guda yana bin ƙafar na gabansa, duk gyaran da koci ya yi masa ya bi ruwa. Wani kuma ya manne wa na gaba, yana samun sauƙin ruwan da aka buɗe masa, yana zaton gudunsa ne. A bar daƙiƙa 5 tsakanin mutum da mutum, mafi sauri a gaba. In an taɓa ƙafarka, ka raɓe a kusurwar bango a wuce.

Agogon bango ma ana karanta shi ba daidai ba. In koci ya ce mita 50 sau 10 a kan minti 1 da daƙiƙa 15, nufinsa kowane tashi a wannan tazara ne: ka iso a daƙiƙa 55, hutunka daƙiƙa 20. Mai yin na farko a 45, na ƙarshe a 70, bai yi aikin ba. Ana son goman su zo kusan ɗaya.

Kuma kada a yi wasa da turin bango da ƙafa lokacin tashi ko juyawa, nan ne jiki ya fi gudu. Tafi bisa tafi, damatsa su matse kunnuwa, a sulale har a wuce tutocin da aka rataye a saman tafki mita 5 daga bango kafin jan hannu na farko.