Matakan Gwada Mai Wa'azin da Ya Kira Kansa Annabi

Da farko, saurari abin da yake koyarwa game da Yesu, domin 1 Yahaya 4:2 ta ce ruhun da ke na Allah yana shaida cewa Almasihu ya zo cikin jiki. Sannan ka gwada wa'azinsa da Nassi, kamar yadda mutanen garin Biriya suka yi wa Manzo Bulus kansa.

Idan ya yi annabci, rubuta shi da kwanan wata, ka jira cikarsa bisa ga Maimaitawar Shari'a 18:22, wadda ta ce idan maganar annabi ba ta cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗe ta ba.

Mataki mafi nauyi shi ne lura da zamansa, wato yadda yake riƙe iyalinsa da abin da yake yi da baiko. Idan yana sayar wa marasa lafiya da mai ko ruwan warkarwa, ka nisance shi, ka kuma sanar da dattawan ikkilisiya.