Lasisin sayar da barasa a Ingila: inda masu shago suka fi yin tuntuɓe

Dokar lasisi ta 2003 ce ke tafiyar da cinikin barasa a Ingila da Wales, kuma ƙaramar hukumar da shago yake cikinta ita ke ba da izini. Scotland na da tata dokar daban, kada a haɗa su.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa takarda ɗaya ta isa. Biyu ne. Akwai lasisin wuri, wanda ke faɗin abin da aka yarda a yi a ginin da lokutan ciniki. Akwai kuma lasisin mutum, wanda sai an ci jarrabawar da hukuma ta amince da ita, an kawo takardar binciken tarihin laifi, an biya fam 37. Dole a rubuta sunan mutum ɗaya mai irin wannan lasisi a jikin lasisin wurin a matsayin mai kula da cinikin, wanda ake ce wa DPS. Matsalar takan taso ne ranar da manaja ya ajiye aiki ya janye sunansa. Mai shago ya ci gaba da ciniki, bai san kowace kwalba da ya sayar daga ranar ta saɓa doka ba. Gyaran ba wuya: a cike takardar sauya suna, a biya fam 23, a nemi ta fara aiki nan take.

Mai sayen shago a hannun wani ma yakan faɗa irin wannan ramin. Ya ga lasisi a bango, ya ɗauka ya saye shi tare da kanta da firiji. Lasisin na nan da sunan tsohon mai shi har sai an nemi a mayar da shi sunan sabon mai shagon, kuma yawanci sai da sa hannun tsohon. A karɓi sa hannun kafin a biya kuɗin shago, don wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ba ya saurin ɗaga waya. In kuwa mai lasisin ya rasu ko kamfaninsa ya karye, lasisin ya faɗi, kwana 28 kawai ake da su a ceto shi.

Abin da ya fi ɓata wa sababbin masu nema lokaci kuwa shi ne sanarwar neman lasisin wuri. Doka ta ce a liƙa ta a takarda mai launin shuɗi-shuɗi, girmanta kada ya gaza A4, inda mai wucewa zai iya karantawa daga waje, har kwana 28 a jere. Sannan a buga a jaridar unguwa cikin kwanakin aiki goma. Mutum sai ya liƙa ta a jikin gilashi daga ciki, da dare ya sauke ƙofar ƙarfe ta rufe ta ruf. Maƙwabci ɗaya ya kai ƙorafi, a ce a sake ƙirga daga farko, ga kuɗin haya na tafiya. Ni dai shawarata, a liƙa ta a waje cikin leda, a riƙa ɗaukar hotonta kullum da waya.

Kuɗin shekara ma ana mantawa da shi. Ya danganta da darajar ginin, yana farawa daga fam 70. In ba a biya ba, hukuma za ta dakatar da lasisin.

Batun shekaru ba a wasa da shi. Haramun ne a sayar wa wanda bai kai 18 ba, kuma 'yan sanda kan turo matasa su gwada saye. Wurin da aka kama sau biyu cikin wata uku ya shiga babban laifi, tararsa ba ta da iyaka. Shi ya sa yawancin shaguna ke neman shaida daga duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai 25 ba: fasfo, lasisin tuƙi, ko katin shaidar shekaru mai tambarin PASS. A ajiye littafin rubuta waɗanda aka hana, shi jami'i zai fara tambaya. Haka nan tun Afrilun 2017, sai mai shago ya tabbatar dilan da yake sara a hannunsa na da lambar rajista ta hukumar haraji, HMRC. Kayan araha daga bayan mota, ba rasit, kan jawo a kwashe kaya gaba ɗaya.

Masu shirya taro sukan ce ai kyauta suke ba da barasar, tikitin shiga kawai ake saye. A idon doka wannan sayarwa ce. Taron da bai kai mutum 500 ba, takardar sanarwar taro ta wucin gadi ta wadatar, fam 21, a miƙa ta aƙalla kwanakin aiki goma kafin ranar.

Wanda ko kusa da barasa ba ya zuwa ma dokar ba ta ƙyale shi ba. Sayar da abinci ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba na buƙatar lasisin wuri a ƙarƙashinta. Mai tsire a unguwar Peckham ta Landan da ke kaiwa sha biyun dare yana gashi, ko mai shayi da ke jiran direbobin tasi, shi ma sai ya liƙa shuɗiyar takardar nan ya jira kwanakinsa 28, sai dai shi ba a neman DPS a wurinsa.