Kurakuran da aka fi yi wajen zamanantar da wurin aiki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da rushe bango. Shugaban ma'aikata ya ga hoton wani katafaren ofis, kowa na zaune a babban ɗaki ɗaya, sai ya ce a yi masa irinsa don ma'aikata su riƙa cuɗanya. A 2018 wasu masana biyu daga Jami'ar Harvard, Ethan Bernstein da Stephen Turban, sun bi diddigin ma'aikatan manyan kamfanoni biyu kafin a cire musu bango da kuma bayan an cire. Hirar ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, saƙonnin imel kuma suka ƙaru. Ba abin mamaki ba ne. Wanda kowa ke kallonsa, kowa ke jin maganarsa, toshe kunne yake yi ya duƙufa a kan kwamfutarsa. Don haka kafin a kira magini, a fara zama da ma'aikatan, a ji wane aiki ne ke buƙatar shiru, wanne ke buƙatar shawara. Mai haɗa lissafin albashi da mai rubuta rahoto suna buƙatar ɗakin da za su rufe ƙofa. Masu amsa wayar abokan ciniki a ware musu nasu gefen. Sai a tanadi ƙananan ɗakuna inda mutum biyu za su yi magana ba tare da duk ofis ya saurara ba, kuma wannan ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi amfani.

Tun bayan annobar korona ta 2020 ne aiki daga gida ya zama ruwan dare, kuma a nan ma ana tafka kuskure: sai a ce kowa ya zaɓi ranakun da yake so ya zo. Mutum ya sha cunkoson hanya, ya iso ofis, ya tarar abokan aikinsa duk suna gida, ya wuni yana taro da su ta Zoom. To me ya kawo shi? Binciken da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya jagoranta a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna cewa kwana biyu a gida kowane mako bai rage ingancin aiki ba, masu ajiye aiki kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku. Amma a lura, ranakun aiki daga gida a binciken a tsaye suke, Laraba da Juma'a. Don haka ya kamata kowane sashe ya tsayar da nasa ranakun zuwa, a tara tarurruka da koyar da sababbin ma'aikata a cikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne auna ma'aikaci da tsawon zamansa. Wasu shugabanni har manhaja suke sakawa don ƙirga motsin hannun ma'aikaci a kan kwamfuta. Wannan ba ya haifar da komai sai rashin yarda, kuma mutane kan koyi nuna suna aiki maimakon yin aikin. A faɗa wa kowa abin da ake so ya kammala da ranar da ake so, sannan a duba abin da ya kawo.

Haka ma tura saƙo da tsakar dare ana jiran amsa. Faransa ta sa doka tun 2017 da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki. Ba sai an jira doka ba, shugaba na iya saita saƙonsa ya tafi da safe.

Sai kujera. Ana kashe kuɗi a kan fenti da kujerun ado na ɗakin baƙi, a bar ma'aikaci yana wuni a kan kujerar da ke karya masa baya. A sayi wadda ake ɗagawa da saukewa, a ɗaga allon kwamfuta har samansa ya zo daidai da ido, nisansa kuma kamar tsawon hannu. Wanda ke aiki daga gida shi ma a taimaka masa ya samu irinta.