Kafin ka sayi sabon ayifis, zauna ka yi wannan lissafin

Duk wanda ya sayi teleskof na farko, da zarar ya gama zumuɗin ganin ramukan wata na sati biyu ko uku, tambaya ɗaya ce take biyo baya: me zan ƙara saya abubuwa su ƙara girma? Nima ita na yi, kuma ita ce ta sa na sayi wani akwati mai ayifis biyar da filtoci kala-kala wanda yau ɗaya kacal nake amfani da shi a ciki. Shi ya sa nake so in maka bayani a tsanake, musamman yanzu da kayan nan kusan duka daga waje ake odarsu da dala, idan ka yi kuskure babu wani shago a bayan gidanku da zaka mayar a canza maka.

Ayifis dai shi ne ɗan gilashin nan da kake zurawa a teleskof ka kafa ido a kai. Shi teleskof aikinsa tara haske, ayifis kuma shi yake buɗe maka hoton. To abu na farko, duba faɗin ramin da ake zura shi. Yawancin na masu farawa inci 1.25 ne, manya suna karɓar inci 2, akwai kuma tsofaffi da na wasan yara masu inci 0.965. Idan naka 0.965 ne gaskiya kar ka wahalar da aljihunka a kansa, da ƙyar zaka samu ayifis mai kyau a wannan girman, gara ka tara kuɗin ka canza teleskof ɗin gaba ɗaya.

Sai lissafin. A jikin teleskof ɗinka akwai lambobi biyu, faɗin baki da tsawon fokal, wato tazarar da haske yake bi daga babban gilashi ko madubi zuwa inda yake haɗuwa, duka a milimita, misali 130/650 ko 70/700. A jikin ayifis ma akwai lamba, 25mm ko 10mm. Raba tsawon fokal na teleskof da lambar ayifis, abin da ya fito shi ne ninkin girman da zaka gani. Mai 650 da ayifis 25 zai baka ninki 26, da 10 zai baka 65, da 6 kuma wajen 108. Kaga kenan ƙaramar lamba ita ce mai girmama abu, babbar lamba ita ce mai buɗe fili. Kuma ayifis ɗaya ba ya bada ninki ɗaya a ko'ina, wannan 10mm ɗin idan ka sa shi a Dobson, wani irin teleskof mai madubi, mai baki inci 8 da tsawon 1200, ninki 120 zai bayar, don haka idan abokinka ya ce maka 10mm ya masa daidai, tambaye shi wane teleskof gare shi tukuna.

Amma ninki yana da iyaka, kuma faɗin baki ne yake yanke ta. Ka ninka faɗin bakin sau biyu, nan ne ƙarshenka. Mai baki 70mm iyakarsa wajen 140, mai 130mm wajen 260, kuma wannan a daren da iska ta kwanta lif ne, a yawancin darare ko babban teleskof gare ka da wuya ka wuce 150 zuwa 200 hoton bai fara rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa ba. Ka taɓa ganin kwali an rubuta 525x da manyan baƙi? Ga yadda suke samo lambar: tsawon 700 a raba da ayifis 4mm ya bada 175, a ninka da Barlow mai sau 3, wato ɗan gilashin da ake sawa tsakanin teleskof da ayifis don ya ninka girman, ya zama 525. Lissafin daidai ne, amma abin da zaka gani a ciki wani dusu-dusu ne mai duhu wanda ko wata da ƙyar zaka riƙe a fili. Wannan lambar ta kashe wa mutane da yawa sha'awar kallon sama, suna zaton su ne basu iya ba.

Ni a ganina ayifis uku sun ishe ka shekaru. Na farko mai ƙaramin ninki, wanda da shi kake neman abu kuma da shi kake kallon manyan tarin taurari. A ramin inci 1.25, irin ayifis ɗin da ake kira Plossl mai 32mm shi ne yake baka kusan mafi faɗin filin da ramin zai iya bayarwa, kuma ba shi da tsada. A teleskof mai 650 yana bada ninki 20 da filin sama wajen digiri biyu da rabi, wato kamar ka jera wata biyar, don faɗin wata rabin digiri ne. Kaza da 'ya'yanta duk suna shiga ciki har da sarari a gefe, wallahi ranar da ka fara ganinsu a haka, taurari shuɗi-shuɗi birjik inda ido yake ƙirga shida ko bakwai, zaka gane ƙaramin ninki ba ragi ba ne. Yadda ake gane filin kuwa, kowane ayifis yana da nasa digirin da ake rubutawa, Plossl wajen 50, sai ka raba shi da ninkin. Kar ka ce bari in sayi 40mm don fili ya ƙaru, a inci 1.25 ramin ne ya toshe, filin kusan ɗaya ne da na 32, hoton ne kawai zai ƙanƙance.

Akwai wani dalilin kuma. Hasken da yake fitowa daga ayifis ɗan da'ira ne, idan ya fi ƙwayar idonka faɗi sauran ya zube a banza. Ƙwayar idon matashi a duhu tana buɗewa wajen 7mm, idan shekaru suka ja tana komawa wajen 5. Ana gane faɗin da'irar idan aka raba faɗin baki da ninki: 130 a raba da 20 ya bada 6.5, yayi. Da 40mm zai kai 8, ya wuce ido, kuma a teleskof mai madubi har inuwar ƙaramin madubin zaka fara gani a tsakiya.

Na biyu shi ne na tsakiya, wanda zai baka ninki 50 zuwa 80, kuma shi ne zai fi daɗewa a teleskof ɗin. Da shi wata yake cika fili da kyau, da shi zaka ga Mushtari wato Jupita da ɗamarunsa biyu da watanninsa huɗu da Galileo ya gano a 1610, zoben Zuhal wato Saturn ya fito sarai, Zara ma ka ganta rabi ko kamar lauje. Idan kana da kuɗin ayifis mai kyau guda ɗaya tal, a nan zaka zuba shi. Na uku mai babban ninki ne, 120 zuwa 180 gwargwadon bakin teleskof ɗinka, na duniyoyi da ƙananan ramukan wata da raba tagwayen taurari, kuma ba kullum zai fito daga jaka ba.

A wajen na ukun nan ne mutane suke shan wuya saboda abin da ba a faɗa musu ba, wato tazarar da ido zai tsaya daga gilashi. Plossl yana da kyau ƙwarai daga 32 zuwa wajen 12mm, amma tazararsa tana raguwa tare da lambarsa, a 6mm sai ka manna ido har gashin idonka yana shafar gilashin yana barin maiƙo, ramin leƙen kuma ɗan mitsitsi. Mai sa tabarau yana buƙatar tazara wajen 15 zuwa 20mm kafin ya ga filin duka. Idan matsalar idonka rashin ganin nesa ne ko kusa kawai, cire tabarau ɗin ka murza fokas, teleskof zai gyara maka, masu astigmatizim, wato waɗanda lanƙwasar idonsu ba daidai take ba har abu yake musu dishi-dishi kusa da nesa, su ne dole su bar shi a fuska. Don haka a ƙananan lambobi nemi waɗanda aka rubuta tazararsu mai tsawo ce, akwai masu digiri 60 zuwa 68 da kuɗinsu bai yi nisa ba. Filin mai faɗi yana da amfani sosai idan teleskof ɗinka ba shi da injin bin sama, don duniya tana juyawa, a ninki 150 Mushtari zai ratsa filin Plossl ya fice cikin minti ɗaya da wani abu, kana ta turawa da hannu. Su Nagler na kamfanin Tele Vue masu digiri 82 da Ethos masu 100 suna da daɗi ba ƙarya, amma guda ɗaya zai iya fin teleskof ɗinka tsada kuma nauyinsa zai iya rinjayar ƙaramin teleskof, ba yanzu ba. Abin lura kawai, idan teleskof ɗinka gajere ne, wato tsawonsa bai wuce ninki biyar na bakinsa ba kamar 130/650, ayifis mai faɗi mai araha yakan nuna taurarin gefe a baje kamar ƙananan tsuntsaye, dogo irin 70/700 ba ruwansa.

Waɗanda aka rubuta H ko SR a jikinsu, irin H20 da SR4 da suke zuwa a kwali, tsohon tsari ne mai gilashi biyu da ƙunƙuntaccen fili, su ne farkon abin da zaka canza.

Barlow mai sau 2 yana ninka kowane ayifis, kuma tazarar ido bata raguwa, shi ya sa nake sonsa. Amma yi lissafi kar ka maimaita kanka, wanda yake da 20 da 10 idan ya sa Barlow a 20 ɗin 10 ya sake samu. 32 da 12 sun fi, zasu baka 16 da 6, ninki iri huɗu daga abu uku. Akwai kuma zum mai 8 zuwa 24mm, kana murzawa ninki yana canzawa, yana da daɗi idan yara da maƙwabta sun taru ba sai kana cire wannan kana sa wancan a duhu ba, illa dai filinsa a 24 matsattse ne, wajen digiri 40, don haka ko da shi kana buƙatar 32 ɗin.

Sauran kaya kuma. Fainda, ɗan abin saiti na saman teleskof, ya fi ayifis na huɗu muhimmanci nesa ba kusa ba, don abin da baka samu ba ba zaka kalla ba. Mai jan ɗigo ya isa idan samanku tana da duhu, a cikin gari inda fitilu suka cinye taurari mai kamar ƙaramin teleskof da aka rubuta 8x50 ya fi. Ka daidaita shi da rana tsaka a kan wani abu mai nisa kamar kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ka sa shi a tsakiyar ayifis sannan ka murza sukurorin fainda har su haɗu. Idan teleskof ɗinka mai madubi ne kana buƙatar abin daidaita madubai, ɗan murfi mai huda ko ɗan bututun leƙe da ake kira Cheshire, domin madubin da ya goce ko ayifis na miliyan ka sa ba zai nuna maka komai da kyau ba. Tocila mai jan haske ma, don ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu kuma farin hasken waya na daƙiƙa kaɗan yana rusa shi, manhajar taswirar sama ta Stellarium da ake sawa a waya tana da yanayin ja, kunna shi. Kujera ma kaya ce, a zaune ka fi gani.

Filtoci masu kala bar su. Na wata yana rage ƙyalli idan ya cika, ba dole ba ne. UHC yana taimakawa a kan hayaƙin taurari irin na Oriyon, amma ba zai mayar maka da saman tsakiyar Kano ta zama ta ƙauye ba.

Maganar rana kuwa, dan Allah ɗan'uwa ka saurara. Akwai ɗan baƙin filta da ake murzawa a gindin ayifis an rubuta na rana ne, idan ka same shi a kwalinka jefar da shi yau. Yana zaune daidai inda zafin ranar duka yake taruwa, yana iya tsagewa kana cikin kallo, kuma kafin ka janye kai ido ya ƙone, ba ya dawowa. Filtar rana ta gaskiya a bakin teleskof ake sa ta ta gaba, irin takardar Baader AstroSolar, a ɗaure ta yadda iska ko yaro ba zai fizge ba, a duba ta kafin kowane amfani ko ta huje, a kuma rufe fainda ko a cire shi. Masu fita duban jinjirin watan azumi ko na sallah, wannan ya shafe ku sosai tunda jinjirin yana kusa da inda rana take faɗuwa: kar a fara lalube da teleskof sai ta faɗi gaba ɗaya, kuma ayifis mai ƙaramin ninki irin 32 ko 25 ne na wannan aikin, babban ninki ɓatar da kai zai yi.

Mu a nan ƙura ce babbar abokiyar gabar gilashi. Lokacin hunturu rabin sa'a ayifis ya yi a buɗe zaka ga ta kwanta, kuma ƙurar nan yashi ce mai laushi, idan ka goge da bakin riga ka kankare fentin da ke kan gilashin kenan har abada. Sayi ɗan famfon roba na hura iska irin na masu kyamara, ka hure tukuna, sai idan akwai maiƙo ka ɗiga ruwan goge gilashin kyamara a auduga, ba a kan gilashin ba, ka shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Kar ka hura da baki, kar kuma ka kwance ayifis don ka wanke ciki, jera gilasan yadda suke ba wasa ba ne. Da damina kuma danshi ne, yana kawo fumfuna a cikin gilashi, sai ka ajiye su a roba mai murfi da ƙunshin silika irin wanda ake samu a kwalin takalmi.

Idan ka sa sabon ayifis ka ga hoto yana rawa kar ka yi saurin zarginsa. Siminti da rufin kwano suna shan rana yini guda su yi ta fitar da zafi da dare, kallo ta samansu kamar kallo ta saman murhu ne. Fitar da teleskof wajen rabin sa'a kafin ka fara ya huce, kafa shi a kan ƙasa ko ciyawa, ka jira abin da kake so ya hau sama sosai, wanda mu da muke kusa da tsakiyar duniya mun yi dace don duniyoyin suna bi kusan ta saman kanmu. Daren da ya biyo bayan ruwan sama ya wanke hazo, shi ne daren da zaka gwada ayifis mai babban ninkin a kan Zuhal.