Kurakuran da masu haɗa humra ke yi da sinadaran da suka maye gurbin miski da sandal

Wallahi na gaji da amsa tambaya iri ɗaya, kullum sai wata ta turo "Anti na haɗa humra ta ƙi kamawa" ko "kwastoma ta ce turarena na sa mata ciwon kai", kuma in ka bincika matsalar ba ta wuce biyu zuwa uku.

Mu fara da maganar "asali". 'Yar uwa, miskin gaske daga jikin namijin wata 'yar barewa yake fitowa, can tsaunukan Himalaya da Siberiya, yawanci sai an kashe shi, shi ya sa yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa ta taƙaita cinikinsa. Ambar kuma daga cikin wani ƙaton kifin teku yake, tsintarsa ake a gaɓa. To don Allah ta yaya za a sayar miki da tola guda kuɗin katin waya? Farin miskin nan mai kauri na kamfani ne, kuma ba laifi ba ne, tun 1888 wani Bajamushe Albert Baur yana binciken abin fashewa ya ci karo da miskin haɗi na farko, manyan turarukan Faransa ma da irinsa ake yi. Laifin shi ne ki biya kuɗin asali a kan na kamfani, sannan ki juya ki rantse wa amarya cewa naki na barewa ne. Ki faɗi gaskiya kawai, mai saye ƙamshi take nema.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne zubawa da yawa. Waɗannan sinadaran ba a auna su da ludayin da ake auna man sandal. Javanol misali, na kamfanin Givaudan wanda ake sawa a madadin sandal, ƙarfinsa ya wuce hankali, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ya ishi haɗi. Kuma abin da mutane ba su gane ba, shi da Ambroxan (na madadin ambar) da Iso E Super (mai ƙamshin itace) da yawancin fararen miski suna kashe hanci, minti kaɗan ki daina jinsu gaba ɗaya, wasu ma tun haihuwa hancinsu ba ya jin wani nau'in miskin. Sai ki ce ai bai ji ba, ki ƙara, ki ƙara. Haka na yi da humrar wata amarya, ni ina shinshinawa ba na jin komai ina ta tuttulawa har ina zagin mai shagon a raina wai ya ba ni jabu, ashe tun daga zaure ake jinsa. Uwar amarya ta dawo min da kayan ta ce ɗaki ba ya zaunuwa, na mayar da kuɗi, ga asarar farce da madarar turare masu tsada da suka tafi a banza. Haba jama'a, in hancinki ya ce babu, kar ki yarda da shi! Ni yanzu duk mai ƙarfi sai na sirka shi kashi 10 cikin 100 a DPG (ruwan sirka turare mara ƙamshi) ko ethanol kafin ya shiga haɗi, Javanol kam har kashi 1 nake kai shi. Sikeli nake amfani da shi mai nuna 0.01 na giram, na daina ƙirga ɗigo. In na gama na fita tsakar gida na sha iska, na shafa a gefen mayafi na miƙa wa maƙwabciyata wadda ba ta shigo ɗakin ba, abin da ta ce shi nake bi.

Sai masu ɗauka sinadari ɗaya zai tsaya a madadin abin asali dungurungum. Ambroxan ɓangare ɗaya ne kawai na ƙamshin ambar, shi kaɗai a bushe yake, ni ina tallafa masa da ɗan labdanum (ƙaron wani tsiro) da vanillin (sinadarin ƙamshin vanila). Sandal ma haka, ko ɗan kaɗan ne ina sa na gaske na Ostireliya wanda bai kai na Mysore ta Indiya tsada ba, shi ke kawo laushin nan. Wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce, oho, ni dai haka nake yi.

Galaxolide, wani farin miski na kamfani, yawanci a sirke rabi da rabi ake sayar da shi, ki tambaya kafin ki yi lissafi. Kar ki haɗa da sifirit na wanke ciwo, ethanol na turare za ki nema. Lilial, wani sinadari mai ƙamshin fure, Tarayyar Turai ta hana shi a kayan shafawa tun 2022, in an ba ki da araha ki bar musu abinsu. Abin da ya yi daɗi a fata ba dole ya yi daɗi a wuta ba, don haka kafin ki jiƙa buhun itace ki ɗiga a tsinke ɗaya ki ɗora a garwashi ki ji ko zai yi ƙauri. Kuma ki daina yanke wa humra hukunci ranar da kika haɗa, ni sati biyu nake barinta a kwalbar gilas a cikin durowa, nesa da rana, sannan na buɗe.