Yadda ake zaɓen akwatin wufa na ƙarƙashin kujera a motar a-kori-kura

Kafin ka yi cinikin wufa, wato sifikar da ke fitar da sautin can ƙasa mai kauri, ɗauko tef ɗin awo ka ɗaga kujerar baya. Wurin da ke ƙarƙashinta shi zai faɗa maka irin akwatin da za ka iya sakawa, akwatin kuma shi zai faɗa maka girman sifikar. Mutane da yawa juya abin suke yi: sai sun sayi sifika mai inci 12 tukuna su fara neman inda za su cusa ta.

Motocin ba ɗaya suke ba. Manyan na Amurka masu ƙofa huɗu, irin su Ford F-150 da Toyota Tundra, ƙarƙashin kujerarsu da fili, har ana sayar musu da akwatuna haɗaɗɗu masu ɗaukar sifika biyu. Hilux mai gida biyu kuwa wurinta a matse yake. Ko a mota iri ɗaya, fasalin daɓen yana sauyawa daga wata shekarar ƙira zuwa wata, don haka in haɗaɗɗen akwati za ka saya, ka tabbata an rubuta shekarar motarka da irin gidanta.

Auna faɗi, da zurfi daga gaba zuwa baya, da tsayi a wuri biyu, gaba da baya, domin wurin a karkace yake. Lura da ƙafafun kujera, da notin bel, da inda jak yake kwana. Sannan ka yanka kwali ka haɗa samfurin akwatin, ka sa shi a wurin, ka sauke kujera, babban mutum ya zauna a kai. Soso yana lotsawa, tazarar da ka gani da ido sai ta ragu.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne iskar da ke cikin akwatin. A ce awon waje ya ba ka faɗi santimita 64, zurfi 34, tsayi 19 a gaba da 15 a baya. Katakon MDF mai kaurin milimita 18 zai cinye kusan santimita 4 a kowane awo, saura 60 da 30 da 15 da 11. Matsakaicin tsayi 13 ke nan. Ninka 60 da 30 da 13, ka sami 23,400, wato lita 23 da ɗoriya. Cire kamar lita 2 da jikin sifikar zai mamaye, ya rage 21. Takardar sifika takan ba da adadin da ƙafa kubik, kuma ƙafa kubik ɗaya lita 28.3 ce, ke nan akwatin nan yana da kusan 0.75. Wannan ya ishi yawancin sifiku masu inci 10 marasa zurfi. In ka matsa babbar sifika a akwatin da ya yi mata kaɗan, sautin can ƙasa yakan ɓace, sai wani bugu guda mai gundura ya rage. Inci 10 a akwatin da ya dace da ita ta fi inci 12 da aka shaƙe. Idan giɓin kaɗan ne, auduga ta roba irin ta filo, kamar giram 450 a kowace lita 28, tana taimakawa, amma ba ta gyara akwatin da ya gaza da rabi.

Rufaffe ko mai bututun iska? A ƙarƙashin kujera rufaffe ya fi. Mai bututu ya fi ƙara, sai dai yana son fili mai yawa, kuma in bututun ya yi tsukuku da yawa sai ya riƙa huci.

Duba zurfin sifikar ma. Marasa zurfi sukan tsaya a inci 3 zuwa 4. In maganaɗisun yana da rami a baya, ta nan yake shan iska, ka bar masa tazara kada ya manne da katako ya ƙone. Sifika mai kallon sama tana bukatar sarari don kada fuskarta ta riƙa dukan ƙasan kujera. Mai kallon ƙasa ta tsira daga takalman fasinja da kaya, amma tana son ƙafafun da za su ɗaga ta aƙalla inci 1 daga kafet.

Wajen kafinta, ka nace a sa gam a kowace gaɓa kafin sukuru, a bi ciki da silikon, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗaura sifika. Danna fuskarta a hankali da yatsu: in ta dawo sannu a hankali, akwatin ya rufu, in ka ji iska na fita, akwai ɓula. MDF ba ya shiri da ruwa, kumbura yake yi, saboda haka a shafe shi da fenti kafin a lulluɓe, a kuma ja kunnen masu wankin mota.

A haɗa amfilifaya da sifika bisa wat na RMS, wato ƙarfin da suke iya jurewa ba tsayawa, a manta da babban adadin da ke jikin kwali. Sifika biyu masu om 4 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato (+) da (+), (-) da (-), sun koma om 2, sai ka tabbata amfilifayar na ɗaukar haka, in ba haka ba za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa. Mai riwaya ya sa fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, ya kankare fenti a inda zai ɗaure wayar ƙasa, ya saita matatar sauti ta amfilifaya, mai barin sautin can ƙasa kaɗai ya isa wufa, wajen 80 Hz. A ɗaure akwatin da ƙarfe a jikin notin da ke wurin tun asali. In dole sai an huda daɓe, a leƙa ƙarƙashin mota tukuna, domin tankin mai da bututun birki suna bi ta nan.